Neman shawara: Ina so in kai kwamfutar sutudiyo sito, amma wayar USB da ta HDMI sun ƙi kaiwa

Mai Sutudiyo:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ƙaramin sutudiyo a Kano, tallace-tallacen rediyo da muryoyin wasan kwaikwayo muke ɗauka. Ɗaki ɗaya ne, ƙarar fankar kwamfuta tana shiga makirufo, balle yanzu da zafi ya kankama. Na yanke shawarar in kai ta sito, in bar monita da kibod da linzami da saunkad (akwatin da ke shigar da sauti cikin kwamfuta) a gabana. Na auna da igiya ta bin bango, mita 24 ne. Na sayo wayoyin ƙarin USB guda biyu masu mita goma-goma na jona da wata mai mita biyar. Fitilar saunkad tana kamawa, amma da na danna 48V, wato wutar da take ba makirufo, sai ta mutu, kwamfuta ta ce ba ta gane na'urar ba. Idan ma ta gane, sai murya ta riƙa yin tas-tas. HDMI mai mita 25 kuma hoton ɗaukewa yake yi duk sanda firij ya tashi. Saunkad ɗin mai ƙofar makirufo biyu ce, daga USB take shan wuta. Monita 1080p ce. Ina mafita? Allah Ya saka da alheri.

Injiniyan Sauti:

Wa alaikumus salam. Malam, matsala biyu ce ta haɗe maka a wayar USB ɗin, kuma ƙara wata waya ba zai magance ko ɗaya ba.

Ta farko wuta. Ƙofar USB 2.0 bolt 5 take bayarwa, mA 500 iyaka. Ko da silin wutar da ke cikin wayarka mai kaurin 24 AWG ne (ma'aunin kaurin sili, babbar lamba siririn sili), kowace mita tana da turjiya kusan om 0.084. Mita 25 zuwa da dawowa mita 50 ke nan, om 4 da 'yan kai. Saunkad ta ja rabin amfiya, bolt 2 sun zube a hanya, uku ne za su iso. Shi ya sa fitila ke kamawa tun ba a ɗora mata nauyi ba, da ka kunna 48V kuma ta faɗi. In silin 28 AWG ne, irin na mafi yawan masu araha, lissafin ya ninka fiye da sau biyu.

Ta biyu saƙon kansa. Ƙa'idar USB 2.0 mita 5 ce tsakanin na'ura da na'ura, USB 3.0 ma da ƙyar take wuce mita 3. Sannan na'urorin sauti ba irin aiken filasha suke yi ba. Filasha idan ƙunshin bayani ya lalace a hanya sai a sake turo shi, ba ka ma sani ba. Sauti kuwa ana turo shi ne a kan lokaci, wanda ya lalace ya tafi ke nan. Tas-tas ɗin da kake ji, gurbin waɗanda suka ɓace ne.

Shawarata, kada ka tsawaita USB ɗin saunkad kwata-kwata. Kai ta sito kusa da kwamfuta da gajeriyar wayarta ta asali, ka ja wayar XLR, wato wayar makirufo mai ƙafa uku, daga makirufo zuwa can. XLR mai sili biyu da raga tana tafiya mita 100 lafiya lau, har da 48V ɗinta. Mita 24 ba komai ba ce a wurinta. Ka ja guda huɗu: biyu na makirufo, biyu su dawo da sauti daga bayan saunkad zuwa lasifikokinka da ƙaramar amfilifayar hedifon a tebur. Kada ka ja wayar hedifon kanta tsawon nan. Jita ko fiyano mai fita ta jak kuma sai ta bi ta akwatin DI, mai mayar da sautinta irin na wayar XLR, kafin ta hau doguwar waya, in ba haka ba saman sautin zai dushe, ƙugi ya shigo.

Abin da ya rage ka tsawaita shi ne kibod da linzami da hoto, su kuwa ba su da wuyar sha'ani.

Mai Miksin:

Oga Injiniya ya faɗi gaskiya a kan wuta, amma akwai inda zan ɗan saɓa masa. Idan saunkad ta koma sito, maɓallin ƙara ƙarfin makirufo ya bi ta. Mai wasan kwaikwayo yanzu yana raɗa, an jima yana kururuwa, ba zai yiwu mutum ya riƙa zarya zuwa sito ba. Sai dai in saunkad ɗin irin wadda ake juya ta daga manhaja ce, ko kuma ka ajiye ƙaramar miksa a tebur ta tura sauti zuwa can.

In kana son saunkad a gabanka, ekstenda ta gaske za ka saya, mai akwati biyu da wayar netwok a tsakani. A nan ake yawan asarar kuɗi. Ƙananan nan masu kama da kan caja, da ake rubuta musu mita 50 ko 60, galibinsu USB 1.1 ne, megabit 12 a daƙiƙa. Kibod da linzami za su yi aiki a kansu, saunkad ta zamani ba za ta yi ba. Abu uku za ka duba a jikin kwali: an rubuta 480 Mbps, an rubuta tana ɗaukar isochronous, wato irin aiken kan lokacin da Oga ya bayyana, sannan akwatin da zai zauna a teburinka yana da adaftar wutarsa. Icron Ranger 2304 misali ce ta irin wannan, ƙofa huɗu, tana kai mita 100 a kan wayar netwok ta Cat5e. Da tsada, amma ita ce aka yi don aikin.

Wayar USB mai ƙarfafa saƙo, wadda za ka ga ƙullutu a tsakiyarta, tana iya yi a mita 10 ko 15 idan ka sa hob (akwatin raba ƙofar USB) mai wutarsa a ƙarshe. Sai dai ka sani kowane ƙullutu hob ne a ɓoye, kuma USB ba ta yarda da fiye da hob biyar a jere ba. Na cikin monita da wanda wasu kwamfutoci ke da shi a ciki duk suna shiga lissafi. Manhajar USB Device Tree Viewer za ta nuna maka nawa ka jera.

Kada kuma ka ji tsoron jinkiri daga tsawon waya. Saƙo yana cin kusan nanosakan 5 a kowace mita, kunne ba zai taɓa ji ba. Jinkiri daga bafa yake zuwa, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa shi: 128 a kan 48 kHz milisakan 2.7 ne, 256 kuma 5.3. Ka shiga saitin wutar Windows ka kashe USB selective suspend, don shi ma yana kashe ƙofa ana cikin aiki.

Mai Sutudiyo:

Na gode ƙwarai. Saunkad ɗin da hannu ake murɗa ta, amma ina da miksa mai layi shida da ba na amfani da ita. To batun hoton fa?

Ɗan Netwok:

Tunda akwai miksa, bi hanyar Injiniya, ta fi sauƙin kuɗi.

Hoto kuma, HDMI ta jan ƙarfe a 1080p daga mita 10 zuwa 15 take fara gardama. Taka mai 25 a bakin gaɓa take, shi ya sa ɗan girgizar wutar da kwamfiresan firij ke yi idan ya tashi ya isa ya yanke ta. Hanya biyu ce.

Ko dai HDMI ta faiba mai mita 30. Siririya ce, hayaniyar lantarki ba ta cika damun ta ba, amma tana da gaba da baya. Kai ɗaya an rubuta Source, shi ne na kwamfuta, ɗayan Display, na monita. Ka gwada ta a ƙasa kafin ka zura ta a bututu, don in ka juya ta ba za ka ga komai ba, sai ka sake zaro ta. Bututun ya kai milimita 25 saboda kan ya wuce, kada ka lanƙwasa ta a kusurwa kamar wayar wuta, kada ka ja ta ta kai. Da wannan sai ka haɗa da ekstendar USB mai araha ɗin nan ta Cat6 don kibod da linzami, a nan tana da amfani.

Ko kuma ekstendar KVM mai HDBaseT, waya ɗaya ta Cat6 ta ɗauki hoto da kibod da linzami gaba ɗaya. Ƙaramin ajinta yana kai mita 70 a 1080p, babban mita 100, kuma ba ta matse hoton. Wadda za ka guje wa ita ce mai tura HDMI ta netwok (IP) bayan ta matse hoton da H.264. Don allon talla ba laifi, amma a aikin yankan murya za ka ja linzami ka ga kibiya tana biyo ka a baya, layin da ke tafiya a kan sauti ma ba zai dace da abin da kunnenka ke ji ba. HDBaseT kuma ba a sa ta cikin suwic ko rauta, daga akwati zuwa akwati ne kai tsaye, duk da kan wayar iri ɗaya ne.

Yanzu ga inda aikin ke lalacewa ko da an sayi akwati mai kyau: wayar Cat6 ɗin. Kasuwa cike take da CCA, alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe. Kafin ka biya, fere sili ɗaya ka kankare shi da reza, in ka ga fari a ciki ka ajiye. Ko ka kanga masa laita, alminiyam nan take zai yi laushi ya sunkuya, jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya. Ka nemi wadda kowane silinta ƙwaƙƙwaran ƙarfe ɗaya ne, 23 AWG, guda ɗaya ba jone ba. Jerin kai iri ɗaya a ɓangarorin biyu: fari-lemo, lemo, fari-kore, shuɗi, fari-shuɗi, kore, fari-ƙasa-ƙasa, ƙasa-ƙasa. Kada ka warware murɗin fiye da milimita 13 a bakin kai. Ragowar waya kada ka naɗe ta ƙunshi a bayan tebur, yanke ta.

In hoto ya zo amma girmansa ba daidai ba, kwamfuta ce ba ta karanta EDID na monita, wato bayanin girman hotonta, ta cikin akwatin ba. Yawancin akwatunan suna da ɗan maɓallin kwafe shi.

Mai Wayarin:

Ƙari kaɗan a kan wuta. Soket ɗin sito da na ɗakin ɗauka su fito daga layi ɗaya, da wayar at (wayar ƙasa) ɗaya. In kwamfuta tana kan inbata, miksa da lasifika suna kan NEPA ko janareta, za ka ji ƙugin 50 Hz ɗin nan mai "huuum" wanda ba ya tafiya. Mafi sauƙi ka ja waya mai sili uku, 2.5 mm, daga inbatar zuwa teburinka. Kada wani ya ce ka karya ƙafar at ta fulogi don ƙugi ya tafi, ranka ne a kai. Idan ya ƙi tafiya, akwatin DI ko taransifomar raba sauti a kan layin shi ne magani. Wayoyin sauti da Cat6 su yi nesa da wayar wuta kamar santimita 30, in dole su haɗu su gicciye ta, kada su jera.

Sannan sito. A watan Afrilu Kano tana haura digiri 40, kwamfuta a rufaffen ɗaki za ta rage gudu da kanta don zafi, tas-tas ɗin ya dawo ta wata ƙofa. Sa fankar fitar da iska, ka ɗaga ta daga ƙasa saboda ƙurar hunturu.

Ɗan Kwamitin Masallaci:

Malamai ku gafarce ni in shigo da tawa. Muna watsa tafsiri kai tsaye a Facebook. Kyamara tana cikin masallaci, kwamfuta tana ofis a wani gini daban, kusan mita 80. Wannan HDBaseT ɗin zai yi mana?

Ɗan Netwok:

Alhaji, zai iya kaiwa, amma ba shi zan zaɓa muku ba. Na kyamara SDI ne, wato tsarin tura hoton bidiyo ta doguwar waya. Ƙaramin akwati mai juya HDMI zuwa SDI a wurin kyamara, irin Micro Converter na Blackmagic, wani mai mayarwa ko katin ɗauka mai SDI a ofis, a tsakani wayar RG6 mai om 75 da kan BNC na matsewa. Mai kyau tana kai kusan mita 100 a 1080p, kan yana kullewa, yaro ba zai fizge shi da ƙafa ba. Siririyar wayar kyamarar tsaro ba za ta kai ba. Ku saita kyamara a 1080p25 ko 1080p50, saboda wutarmu 50 Hz ce, in ba haka ba fitilu za su riƙa rawa a hoto.

Amma tunda gini biyu ne, in da hali ku sa faiba. Kowace wayar ƙarfe tsakanin gini da gini hanya ce ga tsawa da damina, kuma at ɗin ginin biyu ba ɗaya ba ne. Akwai akwatunan SDI zuwa faiba, ku sayi wayar da aka riga aka sa mata kai, ku bar murfin kan a rufe har lokacin jonawa, don ƙura ɗaya a bakin gilashin ta isa ta hana hoto.

Muryar Malam kuma ku ɗauko ta daga miksar masallaci ku shigar da ita cikin kyamara, ta taho tare da hoto a waya ɗaya. Idan kuka ja ta daban za ta riga hoto isowa, sai kun shiga manhajar watsawa ta OBS kun jinkirta ta da hannu har ta dace da motsin baki.

Mai Sutudiyo:

To ga abin da zan saya, a gyara mini in na yi kuskure: XLR huɗu masu mita 30, HDMI ta faiba mita 30, Cat6 ta jan ƙarfe mita 30 da ƙaramar ekstendar kibod, bututu, da fankar sito.

Injiniyan Sauti:

Daidai ne, Malam. Tunda miksa ce za ta turo, ka danna saunkad a kan LINE, ka kashe 48V ɗinta, miksar ce za ta ba makirufo. Wayoyi biyu masu zuwa can ka sa musu kan jak TRS, mai zobe biyu, a ɓangaren saunkad, don a yawancinsu ramin XLR na makirufo ne kawai, sautin miksa zai yi masa yawa ya fashe. Ka bar igiyar ja guda ɗaya a cikin bututun saboda gaba.