Hular sanyi mai naɗi, wai da gaske daga sojoji ta samo asali?

Baban_Amira:
Salam 'yan uwa. Dan Allah ina da tambaya, irin hular sanyin nan ta saƙa da ake naɗe bakinta, mai gajarta da ba ta ko gama rufe kunne, ƙanena ya dage wai ta sojojin da ce shi ya sa matasa suke ta yayinta yanzu. Ni dai gani nake hula ce kawai. Akwai wanda ya san tarihinta?

Kawu_Tsoho:
Wa'alaikumus salam. Ƙanen naka bai yi ƙarya ba. Sojojin ruwan Amurka ne suka yi fice da ita a yaƙin duniya na biyu, ta ulu ce, baƙa ko shuɗi mai duhu, masu gadi a kan jirgi da dare su ke sawa, kuma naɗin nan ba don kwalliya ba ne, ninki biyu yake ba ka daidai goshi da kunne inda iska ta fi duka, in sanyi ya yi tsanani ka warware ka ja ta ƙasa. Sojojin ƙasa kuma a 1942 aka ba su wata mai ɗan baki kamar hana-sallah, kalar kakin soja, an yi ta ne don a sa a ƙarƙashin hular kwano. Janar Patton, wani babban kwamandan sojojin Amurka, ya tsane ta sosai don sojoji suna yawo da ita haka nan ba kwano a kai, ba ta daɗe ba ma aka maye ta da wata hular.

Maman_Saƙa:
Kawu ka manta da balakalaba, wadda ke rufe fuska sai ido. Sunan wani gari ne a Kirimiya, wani yanki a bakin Bahar Aswad, inda aka gwabza yaƙi a 1854, sojojin Ingila sanyi ya kusa ƙarasa su, mata a gida suka riƙa saƙa musu kayan ɗumi suna aikawa.

Ni abin da ke ban haushi wlh, yawancin waɗanda ake cewa "tsohon yayin soja" yanzu zaren roba ne. Kama kawai suka yi. Ulu na gaske ko ya ɗan jiƙe yana riƙe ɗumi, na roba kuwa gumi zai sa ka kai ya yi ta ƙaiƙayi. Ka duba saƙar ma, ta zama mai layi-layi a tsaye, ita ce ke miƙewa ta koma daidai. In ka samu ta ulu kar ka kuskura ka sa mata ruwan zafi, kar ka murɗe, shimfiɗa ta za ka yi ta bushe, in ba haka ba za ta tsuke, sai dai ka ba Amira ta sa.

Baban_Amira:
Hhh na gode Hajiya. Na duba takardar cikin tawa yanzu, roba ce zalla. Bari in yi shiru kar yaron nan ya ji.