Shawarwarin da aka bayar kan mijin da masu garkuwa suka sako

Tun dawowarsa daga dajin Birnin Gwari ba ya barci, da adda yake kwana, yana zargin matarsa ce ta tsegunta shi. Ga abin da na tattaro daga shawarwarin da mutane suka bayar kan yadda matar za ta yi da shi:

1. Kusan kowa ya yarda ciwo ne, firgicin bai sake shi ba.
2. A kai shi asibitin ƙwaƙwalwa, Barnawa ko Dawanau. Wansa ya raka shi, tunda ita yake zargi.
3. Ruƙiyya: wasu sun ce ta wadatar, mafi yawa sun ce a haɗa da likita.
4. Zama ko tafiya gida, nan aka fi sa-in-sa. Ni dai ina bayan masu cewa muddin addar tana ɗakin, ta kwashi yara zuwa gidan iyayenta tukuna.