Ƙarfin dannawa ya ƙi daidaita a waldar gogayya, a taimaka min da shawara

Assalamu alaikum injiniyoyi da masu sana'ar walda. Ina haɗa faranti biyu na alminiyam samfurin 6061 masu kaurin milimita 6 ta hanyar waldar gogayya, wadda kan ƙarfe mai juyawa ke dama bakin farantin ba tare da ya narke ba. Injin milin, wato injin sassaƙa ƙarfe, shi na gyara don wannan aiki, na sa masa na'urar auna nauyi a ƙarƙashin teburi.

Idan na kafe zurfin kan a wuri guda, da kaurin farantin ya ɗan bambanta sai kafaɗar kan, wato faffaɗan ɓangarensa da ke danne saman farantin, ta saki, siririn rami ya bi cikin ɗinkin. Shi ya sa na koma sarrafa shi da ƙarfin dannawa ta PID, wato tsarin da ke kwatanta ƙarfin da aka auna da wanda ake so ya gyara bambancin da kansa, nan kuma matsalar ta fi ci min tuwo a ƙwarya. Tsakiyar layi farantin ya ɗau zafi ya yi laushi, ƙarfin ya faɗi, injin ya ƙara nutsa kan don ya cike giɓin. Nutsawar ta ƙara zafi, zafin ya ƙara laushi, har ɓawon alminiyam ya riƙa tuɗowa gefe da gefe, tsinken da ke ƙarshen kan ya kusa gogar farantin tallafi da ke ƙarƙashinsu. Na rage saurin martanin PID, sai ya makara wajen gyara.

Shin in sa wa zurfin iyaka ne a bar ƙarfin yana aiki a cikinta? Ko kuwa saurin juyawa ya kamata ya riƙa sauka idan zafi ya hau? Wanda ya taɓa sarrafawa da ƙarfin murɗawar sandar injin, don Allah ya faɗa min yadda ta kaya.