Waye Gwanin Yaƙi a Westeros?

Masu bibiyar Game of Thrones, shirin talabijin na ƙagaggen labari kan yaƙin neman sarauta a nahiyar Westeros, sun yi ta ja-in-ja kan wanda ya fi iya jan runduna. Shawarar da ta rinjaya ita ce kada a auna kwamanda da nasarar filin daga kaɗai.

Robb Stark, sarkin Arewa, aka fi kawowa misali. Ya raba rundunarsa biyu, ɓangare ɗaya ya ɗauke hankalin abokin gabarsa Tywin Lannister, shi kuma ya yi wa Jaime, ɗan Tywin, kwanton ɓauna a dajin Whispering Wood, ya kama shi da rai. Bai taɓa shan kaye a fafatawa ba. Amma ya saɓa alkawarin da ya ɗaukar wa abokin ƙawancensa Walder Frey na auren 'yarsa, saboda haka aka kashe Robb a wurin biki. Wasu suka ce wannan siyasa ce, ba yaƙi ba. Ni dai a ganina riƙe abokan ƙawance aikin kwamanda ne.

Tywin kuwa da wasiƙa da zinariya yake cin yaƙi. Stannis Baratheon, ƙanin Sarki Robert, kuma a duba shi wajen tsaron gari: ya riƙe Storm's End, fadar gidansu, kusan shekara cikin ƙawanya, har ɓeraye suka ci, bai buɗe ƙofa ba.