Scientology: addini ce ko kasuwa? Kowa ya kawo abin da ya sani

Malam Garba: Assalamu alaikum. Marubucin Amurka L. Ron Hubbard ne ya ƙirƙiro wannan tafarki, aka buɗe cocinta a Los Angeles a 1954. Masana, a warware mana.

Barista Hadiza: Wa alaikumus salam, Malam. A shari'ance amsar ta danganta da ƙasa. Kotun ƙolin Ostareliya ta karɓe ta a matsayin addini a 1983. Amurka ta janye mata sassaucin haraji a 1967, ta mayar mata a 1993 bayan doguwar taƙaddama. A 2013 kotun ƙolin Birtaniya ta amince a ɗaura aure a ɗakin ibadarsu na Landan. A Faransa kuwa, a 2009 kotun Paris ta same su da laifin damfara, ta ci su tarar Yuro 600,000. Ku lura, kotu ba ta cewa aƙida gaskiya ce, rajista da haraji take dubawa.

Dakta Auwal: Ibadarsu mafi girma suna kiranta "auditing". Mutum ya riƙe gwangwani biyu na ƙarfe, waya ta haɗa su da na'urar E-meter, wani na jefo masa tambayoyi yana kallon allura. Abin da na'urar ke aunawa shi ne yadda fata ke tare wutar lantarki, don haka gumi ko matse gwangwanin kaɗan ya isa ya motsa allurar. Su kuwa sai su ce tabon ruhi ne ya bayyana. Ana rubuta amsoshin a fayil a adana, kuma asirin mutum ne a ciki.

Malam Garba: Barista, to ina damfarar ta shigo?

Barista Hadiza: Wajen kuɗi, ranka ya daɗe. Kowane mataki da farashinsa, daga matakin da suke kira "Clear" zuwa OT VIII, wato mataki mafi girma da ake kaiwa, kuma ba a nuna maka koyarwar sama sai ka biya ka hau.

Hajiya Rabi: Ni abin da ke ci min rai shi ne yanke zumunci. Idan suka ayyana wani a matsayin maƙiyi, ana matsa wa mabiya su daina magana da shi, ko da uwa ce. 'Yan Sea Org kuma, wato rukunin ma'aikatan cocin da suka sadaukar da rayuwarsu gare ta, hannu suke sawa a alkawarin hidima na shekara biliyan ɗaya. Dakta, fayil ɗin wanda ya fita fa, ana mayar masa?

Dakta Auwal: A'a, Hajiya, yana nan hannunsu.