Shawarar masoya ƙwallon kwando ga 'yan wasan jami'o'in Amurka

A muhawarar da masoya ƙwallon kwando suka tafka kan ɗalibin da ke ɗokin barin jami'a domin shiga NBA, babbar gasar ƙwararrun 'yan ƙwallon kwando ta Amurka, mafi rinjaye sun ba da shawarar ya yi haƙuri. Hujjarsu ita ce, gurabe 60 kacal ake da su a zaɓen sababbin 'yan wasa na kowace shekara, kuma 30 na zagayen farko ne ke da tabbacin kwantiragi, alhali tun Yulin 2021 hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta halatta wa ɗalibai samun kuɗin talla da sunansu da hotonsu. Wasu sun ce tsoron jin rauni ya isa dalilin gaggawa, amma a ganina wanda bai da tabbacin zagayen farko gara ya ƙara shekara guda yana gogewa.