Neman unguwa a Kano ga mai yara 'yan firamare

An tattauna kan inda magidanci mai ƙaramin ƙarfi zai kama haya a Kano, kuma akasari an ce ya fara samo makarantar tukuna, sannan ya nemi gida kusa da ita. Hayar Nasarawa GRA da Bompai ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, shi ya sa aka riƙa ambaton Rijiyar Zaki, Naibawa da wasu sassan Hotoro. Sai dai in yaro zai hau adaidaita sahu biyu kullum, kuɗin hanya zai cinye arahar gidan.

A kan makaranta aka fi daɗewa. Kada fenti ya ruɗe ka: shiga aji ka ƙirga ɗalibai, ka buɗe littafin ɗan aji uku ka ga ko malami yana gyara masa aiki. Wannan shawarar ta fi kwanta min. Iyaye mata suka ƙara da islamiyyar da yaro zai iya zuwa a ƙafa.

Tsaro kuwa, je ka gaida mai unguwa, ka zaga layin bayan isha'i, ka ji ko akwai 'yan sintiri. Kafin ka ba dillali la'ada, duba gindin bango ko ruwan damina ya bar shaida, ka kuma tambayi 'yan garuwa kuɗin jarka.